Lasifika Mai Tsada da Haƙƙin Tsohon Faifai

Akwai wani takaici da ke samun masu son sauti idan Allah ya hore musu suka sayi lasifika mai tsada, kuma ba kasafai suke faɗa ba, domin ba wanda ke son a ji cewa ya zuba miliyoyi ya sayo wa kansa ciwon kunne. A shagon da aka sayar musu, a Legas ne ko Dubai ko Landan, an sa musu faifan da aka zaɓa musamman don nuna bajintar kaya: murya ɗaya da jita ɗaya, an ɗauke su a tsanake da na'urorin zamani. Sai an kawo kayan gida an haɗa, mai gida ya ɗauko abin da ransa ke so tun asali, wato Shata ko Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, ko karatun Minshawi, ko tsofaffin waƙoƙin Indiya na Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar, sannan ya ji abin da bai zata ba. Murya ta yi kaifi tana sukar kunne, shuuwar kaset ta taso ta danne 'yan amshi, waƙar da take ratsa jiki a rediyon mota ta zama abin da ba a iya jurewa minti goma. Idan ya koka, amsar da ake ba shi ɗaya ce a ko'ina: lasifikarka ce ba ta ƙarya, faifan ne ba shi da kyau. Ban yarda da wannan hukunci ba, kamar yadda ban yarda da maganin da wasu ke bayarwa ba, cewa a nemo lasifikar da ke lulluɓe sauti don ta rufa wa faifai asiri. Lasifikar da ta dace da tsohon ɗauka ita ce wadda ba ta ɗora nata aibin a kan na faifai, sauran gyaran kuma aikin maɓalli ne da ake iya murɗawa yau a mayar da shi gobe.

Kafin a yanke wa tsohon faifai hukunci ya kamata a san abin da ke cikinsa. Ana auna kaurin sauti da sirantakarsa da yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, ana rubuta ma'aunin da Hz, kuma kunnen matashi mai lafiya yana kama daga wajen 20 zuwa 20,000. Faifan garmaho da aka yi kafin 1925, lokacin da mawaƙi ke rera waƙa cikin bakin ƙaho ba tare da lantarki ba, bai kama komai ba sai abin da ke tsakanin wajen 250 da 2,500. Da makirufo ya shigo a 1925 sai iyakar ta ɗaga zuwa wajen 6,000. Kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, sautin kunne biyu ya shiga kasuwa a 1958, sannan Philips ya kawo kaset a 1963. Zaren kaset faɗinsa bai kai milimita 4 ba, kuma yana tafiyar santimita 4.76 ne a daƙiƙa, alhali zaren da ake aiki da shi a manyan ɗakunan ɗaukar sauti yana tafiyar santimita 38, wato ninki takwas. Wannan jinkiri da wannan ƙanƙanta su suka haifi shuuwar da kowa ya sani, wadda Dolby ya fito da dabarar rage ta a 1968. Kowane zamani da irin tabonsa: garmaho da ƙaiƙayin allura, dogon faifai da ɓas-ɓas na ƙura da karcewa, kaset da shuuwa da rawar murya idan injin ya gaji.

Namu tsofaffin waƙoƙin sun sha wuyar da ta fi wannan. Da yawa daga abin da ya rage mana na makaɗan fada da na jama'a an ɗauke shi ne a gidajen rediyo, irin Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, ko a filin biki da ƙofar fada, inda makirufo ɗaya ko biyu ke fuskantar mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi da maroƙi gaba ɗaya. Idan kalangu ko kotso ya buga da ƙarfi kusa da makirufo sai na'urar ta cika ta tumbatsa, sautin ya tsage. Daga nan aka kwafa a kaset, aka kwafi kwafin, wasu ma daga bakin rediyo aka naɗe su a gida, kuma kowace kwafa tana cin wani abu daga siririn sauti ta ƙara shuuwa a madadinsa. A ƙarshe aka juye su cikin kwamfuta aka matse su don su shiga ƙaramin katin waya, suna yawo daga hannu zuwa hannu ta wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa da ta WhatsApp. Narambaɗa da Jankiɗi ba za su dawo su sake rerawa ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Abin da ke hannu shi ke nan, kuma duk na'urar da ta sa mutum ya daina sauraron wannan gado ta gaza a aikin da aka saye ta dominsa, komai sunan da ke jikinta.

Dalilin da ya sa aibin tsohon ɗauka ke ciwo a wata lasifikar ya kuma lafa a wata yana cikin halittar kunne. Tun 1933 Fletcher da Munson, masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell a Amurka, suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane sauti da ƙarfi ɗaya. Ya fi kaifin ji tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, domin ramin kunne, mai tsawon wajen santimita biyu da rabi, yana amsa amo da kansa a kusa da 3,000. To a daidai wannan yanki ne tsagewar sauti ke taruwa. Muryar da ta fi ƙarfin makirufo tana haifar da wasu 'ya'yan sauti masu kaifi da ba sa cikin asalinta, kuma da yawansu a nan suke sauka. Tsofaffin makirufo da yawa ma an yi su da ɗan tudu a wannan wuri don magana ta fita sarai a rediyo. Idan aka haɗa faifan da ya riga ya yi nauyi a nan da lasifikar da ita ma take da tudun desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) uku ko huɗu a wuri guda, aibi biyu ne suka hau juna a inda kunne ya fi rauni. Mai sauraro yana jin jimillar, sai ya ɗora laifin duka a kan faifai, alhali rabin laifin na akwatin da ya saya ne.

Kuma ba da kuskure ake samun irin wannan tudu a kaya masu tsada ba. A shago, inda ake kwatanta lasifika biyu cikin 'yan mintuna, wadda ta ɗan fi kaifi ita ke ɗaukar hankali: ana jin numfashin mawaƙiya, ana jin zamewar yatsa a kan tsirkiya, sai mai saye ya ce wannan ta fi fito da komai. Masu ƙira sun san haka. Abin da ake tallatawa a matsayin bayyana ɓoyayyen sauti sau da yawa ƙarin ƙarfi ne kawai a sama, wanda ke burgewa a minti biyar ya gajiyar a awa biyu. Labarin Yamaha NS-10 ya isa misali. An fito da ita a 1978 don gidaje, ba ta samu karɓuwa ba, sai injiniyoyin ɗaukar sauti suka rungume ta saboda tana da tudu a wajen 2,000 Hz da ke tona duk wani kuskure a haɗin murya da kiɗa. Kaifinta ya kai wasunsu suna liƙa takardar goge hannu a bakin tiwitarta, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, don su iya wuni a gabanta. Wannan kayan aiki ne na mai farautar aibi, kuma ta yi amfani a wannan fage har aka daina yin ta a 2001. Amma wanda ya dawo daga aiki ya zauna a falonsa don ya ji Shata ba aibi yake nema ba. Sayar masa da irin wannan hali da sunan gaskiya ruɗi ne, domin lasifikar da ta ƙara abin da ba ya cikin faifai ta kauce wa gaskiya daidai da wadda ta rage.

Nan ne masu ba da shawara da yawa ke faɗawa ɗaya ramin. Sukan ce a nemi lasifika mai ɗumi, mai laushi, wadda aka danne samanta aka kumbura ƙasanta. A ji na farko tana kwantar da hankali, shuuwa ta ragu, kaifi ya tafi. Sai dai tsohon ɗauka dama ba shi da wadatar siririn sauti, kuma ɗan abin da ya rage masa shi ke ɗauke da baƙaƙen magana. Bambancin sa da tsa, da ka da ƙa, da fa da ha, a wannan sama-saman yake zaune. Waƙar Hausa kuwa magana ce kafin komai: kirari, da habaici, da zambo, da jerin sunayen iyaye da garuruwa. Wanda ya saurari Narambaɗa bai kama kalmominsa ba ya yi asarar abin da ya sa ake kiran sunansa har yau. Haka karatun Alƙur'ani na Husari, wanda ya naɗe cikakken tartili a Masar a 1961, darajarsa tana cikin fitar kowane harafi daga mafitarsa. Lasifikar da ta shafe wannan don ta ɓoye shuuwa ta yi ɓarnar da ta fi gyaranta. Ga kuma matsala ta biyu: launin da aka gina cikin akwati ba ya fita. Zai hau kan faifan 1960 da ke buƙatarsa, ya hau kan na bana da ba ya buƙata, ya hau kan wanda dama a dushe yake ya ƙara dusar da shi. Mai tsiren da ya san aikinsa yakan ba ka yaji a gefe ne, don kai ka san iya abin da harshenka ke ɗauka.

Akwai hujja ta bincike a kan irin lasifikar da kunne ke so, kuma ba ta goyi bayan kowane ɓangare cikin biyun nan ba. Floyd Toole ya shafe shekaru a Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada yana sa mutane su saurari lasifika a bayan labule, ba su ga suna ba, ba su san farashi ba, an daidaita ƙarfin sautin. Sakamakon da ya wallafa a tsakiyar shekarun 1980 ya nuna cewa masu lafiyar ji suna haɗuwa a kan abu guda: sun fi son wadda sautinta ke tafiya a miƙe daga ƙasa zuwa sama ba tudu ba kwari idan an auna ta gaba da gaba, wadda kuma sautin da take watsawa gefe yake raguwa a hankali ba tare da tsalle ba. Bayan ya koma kamfanin Harman a 1991, shi da Sean Olive suka nuna a 1994 cewa ganin akwati da sanin sunansa yana sauya makin da mutane ke bayarwa, har da ƙwararru. A 2004 Olive ya gwada lasifika 70 ya fitar da lissafin da ke hasashen zaɓin masu sauraro daga awo kaɗai, kuma hasashen ya dace da zaɓinsu ƙwarai. Mai shakka zai ce Harman kamfani ne mai sayar da lasifikar JBL da ta Revel, don haka yana da ra'ayi a maganar. Gaskiya ne, amma tushen aikin a ɗakin binciken gwamnati aka yi shi, an wallafa hanyar a fili, kuma wasu da ba su da alaƙa da kamfanin suna auna kaya da ita a yau. Wani zai ƙara da cewa da kyawawan faifai aka yi gwajin. Wannan ma haka ne, sai dai abin da gwajin ya tona, wato amon da akwati ko bakin lasifika ke yi na kansa a wasu wurare, ba ya tambayar shekarar faifai kafin ya hau kansa. Faifai mai tsabta yana iya ɗaukar wannan ƙari ya tsira, mai tabo ne ba shi da sararin ɗauka.

Shi ya sa masu tara tsofaffin faifai suka daɗe suna komawa ga wata makaranta ta ƙira da ta fito daga BBC, gidan da Hausawa suka sani ta Sashen Hausa tun 1957. Injiniyoyin sashen bincikensu suna da wata dama da kamfanoni ba su da ita: suna iya jin mai magana a ɗaki, su koma ɗaki na kusa su ji shi ta lasifika, su kwatanta nan take. Muryar ɗan Adam ce ma'auninsu, kuma ita ce sautin da kunne ya fi sanin gaskiyarsa. Daga wannan aiki aka samu ƙaramar LS3/5A, wadda aka yi don motocin watsa shiri daga waje aka kuma ba kamfanoni lasisin ƙera ta daga tsakiyar shekarun 1970. Spencer Hughes ya bar BBC ya kafa Spendor, Dudley Harwood ya kafa Harbeth a 1977. Dabararsu ta saɓa wa abin da ido ke so: maimakon katako mai kauri, sai siririn falanki da aka liƙa wa kwalta daga ciki, don amon akwatin ya sauka ƙasa ya bar yankin murya, ya kuma mutu da wuri. Ban kawo waɗannan sunaye don a ruga a saya ba. LS3/5A ba ta da kaurin ƙasa sosai, ba ta son a ƙure ta, kuma a babban falo irin na gidajenmu za ta ɓace. Wasu ƙirar wannan gida ma suna da ɗan kwari a yankin 2,000 zuwa 4,000 Hz, wanda shi ma launi ne, ko da yake ya fi tudu sauƙin zama da shi. Darasin da ke ciki shi ne cewa mutanen da suka sa murya a gaba, suka yaƙi amon akwati, sun ƙare da kayan da tsohon faifai ke jin daɗinsu ba tare da sun nufi hakan ba.

A kan abin da aka yi tiwita da shi, ana yawan cewa ta ƙarfe mai kaifi ce, ta alharini mai laushi. Maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Tiwitar alminiyam ko beriliyam da aka ƙera da kyau tana yin nata amon ne can sama da inda kunne ke kaiwa, kuma akwai ta alharini da aka ɗaga ƙarfinta har tana suka. Abin dubawa shi ne yadda aka daidaita ƙarfinta da na wufa, wato babban bakin da ke fitar da kaurin sauti, da yadda aka haɗa su a inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki, wanda a yawancin lasifika yake faɗawa tsakanin 2,000 da 3,000 Hz, wato a tsakiyar wurin da kunne ya fi kaifin ji.

Babbar suka ga abin da nake faɗa tana zuwa ne daga masu tsattsauran ra'ayin tsarkin sauti. A wurinsu aikin na'ura shi ne ta isar da abin da ke cikin faifai ba ƙari ba ragi, don haka taɓa maɓallin bes ko tirebul cin amana ne. Da wannan aƙida wasu kamfanonin Birtaniya da Amurka suka cire maɓallan daga amfilifayoyinsu masu tsada tun shekarun 1970, har rashinsu ya zama alamar daraja. Rabin maganarsu daidai ne, kuma shi ne rabin da na kare a sama: lasifika kada ta yi launi. Amma ɗaya rabin ya ginu ne a kan zaton cewa abin da ke cikin faifai shi ne abin da ya faru a gaban makirufo, kuma ba haka ba ne. Wanda ya haɗa sautin ya yi hukunci ne da lasifikar da ke gabansa a lokacin, mai nata aibin. In tata a dushe take sai ya ƙara kaifi, mu kuma mu gaji kaifin. Kafin masana'antar faifai ta Amurka ta tsayar da ma'auni guda a 1954, Columbia da Decca da sauransu kowa da yadda yake karkata sauti wajen yanka faifai, kuma sai an mayar da karkatar daidai kafin a ji abin da aka nufa. Kaset ɗin da aka naɗa da Dolby aka kunna shi ba tare da Dolby ba zai fito da kaifin da ba wanda ya nufa. A duk waɗannan, barin maɓalli a tsakiya riƙe kuskure ne da hannu biyu. Mutanen da suka gina wannan fanni ba su ji kunyar gyara ba. Peter Baxandall ya wallafa da'irar maɓallan bes da tirebul a 1952, ita ake bi har yau. Kamfanin Quad ya sa wa na'urorinsa samfurin 44 da 34 wani maɓalli mai karkata sautin gaba ɗaya, ya ɗan sauke sama ya ɗan ɗaga ƙasa a lokaci guda, tare da matatar da ke yanke can ƙololuwa inda ba komai sai shuuwa. McIntosh da Luxman da Accuphase ba su daina sa maɓallan ba. Yau kuma ikwalaiza ta cikin kwamfuta ko waya tana iya rage desibel biyu a daidai 3,000 Hz ta bar sauran, abin da ba wata lasifika mai ɗumi da za ta iya.

Ɗakin da za a ajiye kayan shi ma yana cikin lissafi, kuma a nan gine-ginenmu na zamani ba sa taimako. Tayil a ƙasa, siminti a bango, silin na filasta, manyan tagogin gilashi, teburin gilashi a tsakiya: duk suna mayar da siririn sauti kamar yadda ya zo, ya iso kunne sau da yawa a jere. Lasifikar da aka yaba a ɗakin gwaji mai kafet da labule tana iya zama wata aba dabam a irin wannan falo. A nan ne amfanin sautin gefe mai santsi yake fitowa, domin yawancin abin da mai zama nesa ke ji daga bango yake dawowa. Shimfiɗa darduma mai kauri tsakanin kujera da lasifika, da labule mai nauyi, da kantar littattafai a gefe, da kauce wa saita bakin lasifika kai tsaye ga kunne, suna rage kaifi fiye da sauya wayoyin haɗi masu tsada, kuma kuɗinsu bai kai nasu ba.

Saura suka ta ƙarshe, wadda ta fi kowace nauyi a wurina: in dai faifan bai wuce 6,000 Hz ba, ko kaset ne da ya sha kwafa, me ya sa za a kashe dukiya? Ƙaramar rediyo ba ta isa ba? Rediyon tana daɗi ne don ta yanke sama da ƙasa ta bar tsakiya, ta ɓoye aibi ta hanyar ɓoye kusan komai. Amma cikin waɗannan tsofaffin naɗe-naɗe akwai abin da ba ta iya fitarwa: nauyin ƙirjin mawaƙi, lanƙwasar kalangu idan makaɗi ya matse tsarkiya ya saki, tazarar da ke tsakanin jagora da 'yan amshi, amon kuntigin Ɗanmaraya da ke biye da kowane bugu, faɗin filin da aka yi wasan. Da yawansu ma ba a matse ƙarfinsu ba kamar yadda ake matse waƙoƙin yanzu don su yi ƙara a waya, don haka tashi da saukar murya suna nan da ransu. Lasifika mai kyau tana raba shuuwa da waƙa, kunne ya ajiye shuuwar gefe ya bi waƙar, kamar yadda yake yi da kowace hayaniya da ba ta canzawa. Inda masu wannan suka suke da gaskiya shi ne a kan tushe. Wanda duk abin da ya mallaka matsattsun fayiloli ne da aka tura masa a waya, ya fara kashe kuɗinsa wajen neman kwafi mafi kusa da asali. Wanda ke da kaset na asali ya nemi rikoda mai lafiya, ya sa mai gyara ya daidaita ɗan notin da ke karkata kan da ke karanta zare, domin kaucewarsa kaɗan tana cinye siririn sauti fiye da tsufan zaren. Akwai kuma aikin tsabtace tsohon sauti da kwamfuta, wanda kamfanin CEDAR na Kambirij ya shahara da shi, bisa binciken da aka yi tare da taskar sauti ta Birtaniya. Yana cire ɓas-ɓas da kyau, amma idan aka matsa wajen cire shuuwa sai murya ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Zarurrukan asali da ke ajiye a gidajen rediyonmu sun cancanci a juye su da hannun ƙwararru kafin zafi da ƙura su gama da su, kuma wannan aiki ne da ya fi ƙarfin mai sauraro ɗaya.

Wanda ya yi niyyar saye, to, ya tafi shago da nasa kayan sauraro, kada ya dogara da na mai shago. Ya ɗauki waƙa ɗaya mai tsabta, ya haɗa da uku ko huɗu daga waɗanda ya fi so kuma ya san sun fi muni wajen ɗauka, da naɗin magana zalla na muryar da ya sani sosai. Ya nemi a daidaita ƙarfin sauti tsakanin lasifikar da yake kwatantawa, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ke cin gasa. Ya zauna awa guda, a ƙarfin da yake ji a gida, ya lura da abu biyu tare: ko yana kama kowace kalma, da ko hannunsa na neman rage murya idan mawaƙi ya ɗaga. Lasifikar da ta ci ɗaya ta faɗi ɗaya ba tasa ba ce. Ya tambaya ko amfilifayar da za a haɗa masa tana da maɓallan gyara da na mayar da sauti kunne ɗaya, domin tsohon faifan da aka yanka da sauti ɗaya yana rage ƙaiƙayi idan aka haɗe ɓangarorin biyu. Da yawa daga masu saye a ƙasashenmu oda suke yi daga waje ba su taɓa jin kayan ba, kuma mayarwa bayan an biya jirgi da kwastan abu ne mai wuya. Su sai su nemi zanen awo kafin su biya. Mujallar Stereophile ta daɗe tana buga awon lasifikar da take dubawa, kuma akwai ma'aunin CTA-2034 da ke auna lasifika ta kusurwa 70 a kewayenta. Karanta zanen ba ya buƙatar digiri: a duba layin gaba ko yana da tudu tsakanin 2,000 da 5,000 Hz ko yana hawa daga nan zuwa sama, a duba layukan gefe ko suna gangarawa a hankali ko suna da ƙusumbi a inda wufa ke miƙa wa tiwita. Kamfanin da ke neman miliyoyi a hannun mutum amma ya ƙi nuna wannan zane, a tambaye shi dalili kafin a tura kuɗi.